Kukan da waya ba ta ɗauka ba

Bidiyon wayar salula ne ya fallasa kisan George Floyd a hannun ƴan sandan Amurka a watan Mayun 2020. Cikin Oktoban shekarar, matasan Nijeriya suka yi gangami ta Twitter har gwamnati ta rusa rundunar SARS. An yi nasara, sai dai dandalin ya fi sauraron kukan da ya zo da hoto da Turanci. A yankin Gidan Rumji, inda dubban ƴan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara suka fake tun 2019, kukan jama'a na rashin tsaro ne, cikin saƙon murya na WhatsApp da bai cika wuce dangi ba. Rubuta shi nauyi ne a wuyan malamai da ƙungiyoyin al'adu.