Daga Daɗin Kowa Zuwa Turmin Danya: Wa Ke Da Sunan?

Ran nan muna zaune a teburin mai shayi, can wajen tashar jirgin ƙasa, sai wani dattijo ya ce ɗansa ya koma Daɗin Kowa da zama. Wani direba ya ce, "To Baba, ai nan da Jos ba nisa." Na kusa da shi ya ce a'a, Daɗin Kowa ai a jihar Gombe take, inda aka yi dam a kan kogin Gongola. Yaron mai shayi kuwa dariya ya fashe da ita, wai ashe ɗan Baba ya zama maƙwabcin Kamaye da Adama. Kowa a cikinsu yana da gaskiya. Unguwa ce a Jos, gari ne a Gombe, shiri ne a tashar Arewa24, ga kuma gidajen abinci barkatai masu wannan suna.

Abin ya wuce na dariya. Yanzu a nan Kafanchan yaranmu suna waƙa, suna ɗaukar gajerun finafinai da waya, mata suna yin sabulu da yaji da man shafawa suna liƙa musu takarda. Kowa yana neman suna, kuma kusan kowa rijiya ɗaya yake ɗiba: Alheri, Nasara, Godiya, Albarka, Rahama, Gaskiya. Ra'ayina shi ne, ɗaukar kalmar da kowa ke faɗi ba sata ba ce. Amma duk wanda ya ɗauka ya ci bashi, kuma aikinsa ne zai biya.

Mu fara da wanda ya biya. A 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Abubakar Imam yana editanta. Kwabo ɗaya ake sayar da ita, saboda haka sunan ma ciniki ne da mai karatu: kawo kwabonka, ka karɓi abin da ya fi shi daraja. Jaridar ta riƙe masu karatu shekaru da dama, har aka kafa kamfanin ɗab'i na Gaskiya a 1945, har wurin da yake a Zariya ya koma ana ce masa Gaskiya. Daga baya aka yi masaƙar Gaskiya a Kano, wadda ba ruwanta da jaridar. Ba wanda ya ruɗe, don atamfa daban, labari daban, kuma kowanne ya tsaya da ƙafarsa.

Shirin Daɗin Kowa ma, a ganina, ya biya. Masu shi sun ƙirƙiri gari ne suka zuba masa kowa da kowa: malamin tsangaya, ɗan siyasa, 'yan gudun hijira, matasa masu shaye-shaye, ga Stephanie Kirista tana zaune cikin Musulmi. Mutumin Kafanchan ba ya buƙatar a yi masa bayanin irin wannan zama. Sunan yana yi wa labarin aiki, don sau da yawa ba'a ce a cikinsa: gari ne na daɗin kowa, amma kowa da irin kukansa. Inda zan soki shirin shi ne tsawo. Da ya daɗe, wasu labaran sai suka riƙa jan ƙafa, har ka ji kamar sunan ne ke riƙe da mai kallo. Duk da haka, ya ci sunansa.

Akwai kuma inda tarayyar suna ta jawo asara. A farkon shekarun 1980 Sulaiman Ibrahim Katsina ya fitar da littafinsa Turmin Danya, labarin Alhaji Gabatari da harkar fasa-ƙwauri. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fito da fim ɗin bidiyo mai suna Turmin Danya, wanda ake lissafawa a matsayin mafarin masana'antar da yau ake kira Kannywood. Ba wanda ya ƙwaci na wani. Turmin da aka sassaƙa da icen danya kayan gida ne, kakanninmu sun san shi kafin littafin da fim ɗin. Amma yau ka ambaci sunan a gaban matashi, in ma ya taɓa ji, fim zai ce maka. Littafin da ya tona yadda masu kuɗi ke sayen ma'aikatan gwamnati ya shige inuwa. Kun ga ke nan ko da niyya mai kyau, mai ƙarar murya yakan danne ɗan'uwansa.

To ina ga wanda ya yi da gangan? Nan ne sukata take. Tun da Aminu Saira ya fito da Labarina ya karɓu, shiga YouTube ka rubuta kalmar ka ga tarkacen da zai biyo baya. Ka je wajen masu tura fim a waya ka ce a sa maka waƙar Alheri, sai a tambaye ka ta wa, ta coci ko ta biki? Mai yin burodi ya ga wani ya yi kasuwa, sai ya ɗauki sunansa ya ƙara "Sabon" a gaba, har launin leda ya kwaikwaya. Wannan ba aron kalma ba ne, hawan dokin wani ne. Kuma mai yin haka kansa yake cuta, don in kayansa sun yi kyau wancan za a yaba, in sun lalace duka biyun za a zaga.

Doka ba za ta raba wannan gardama duka ba. Hukumar CAC takan hana a yi wa kamfanoni biyu rajista da suna iri ɗaya sak, amma ba mai iya hana ka kiran waƙarka Nasara. Sauran aikin na kunya ne da sanin ya-kamata.

Mu a nan akwai ƙarin nauyi. Hausa ita ce harshen kasuwa tsakaninmu da Fantsuwam da Bajju da Atyap da Ham da Kagoro. Alheri da Godiya sunayen yara ne a gidajen maƙwabtanmu Kirista, kamar yadda suke a bakinmu kullum. Gidan rediyon Salama da ke garin nan ya ɗauki kalmar da masallaci da coci duk suke amfani da ita. Garin da ya ga 1987 da 1999 da 2011 ya san tsadar wannan kalma. Wanda ya rubuta Salama ko Alheri a kan shago ko waƙa, sannan ya yi algus ko ya yi habaici ga wani ɓangare, ya ɓata abin da ba nasa kaɗai ba.

Shawarata ga 'yan'uwa masu fasaha da masu sana'a: kafin ka raɗa suna, bincika ko wani na kusa yana amfani da shi a irin sana'arka. In ka nace sai shi, haɗa shi da naka sunan ko na unguwarku. In kuma za ka iya, duba abin da ke gabanka. Muna da citta, muna da layin dogo, muna da ruwan Matsirga, duk ba a gama taɓa su ba. Sannan ka tambayi kanka tsakani da Allah, in aka cire sunan, aikin zai sayu?

Allah Ya sa mu dace, Ya ƙara mana zaman lafiya.