Akurkin Tattabaru: Inda Kunya Ke Sassautawa Tsakanin Uba da Ɗa

A gidajen Sheme, kamar sauran garuruwan kudancin Katsina, da zarar yaro ya kai shekara 13 ko 14 sai magana ta fara ƙarewa tsakaninsa da ubansa. Ba faɗa aka yi ba, girma ne ya zo. Ya bar ɗakin uwarsa ya koma zaure ko shagon samari, in ya zo gaisuwa sai ya durƙusa daga nesa: "Baba, ina kwana?" "Lafiya lau, an tashi lafiya?" Shi ke nan har gobe. In ɗan fari ne abin ya fi haka, don uban ko sunansa ba ya kamawa, sai "yaron nan", ko wani laƙabi da aka rataya masa tun yana goye. Baba ta Karo, tsohuwar da Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta daga bakinta a Giwa cikin 1949 da 1950, ta yi bayanin wannan kunyar ɗan fari a matsayin abin da kowa ya tashi ya tarar, kuma daga Giwa zuwa kudancin Katsina ba wata doguwar tafiya ba ce. Yau al'adar ta yi laushi, amma tana nan da ranta.

To ta ina shaƙuwa za ta shiga? Amsar da aka saba bayarwa ita ce gona. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa ta fitar da littafinta kan Hausawan karkara a 1972, ta tsaya sosai a kan gandu: uba ne mai gona, shi ke ba da iri da fartanya, shi ke biyan haraji, shi zai yi wa ɗa aure, ɗa kuma ya ba da ƙarfinsa, in an tashi daga gonar gida ya wuce gayaunarsa. Tsari ne mai kyau, ya riƙe gidaje da yawa. Sai dai gandu wurin umarni ne. Uba na gaba, ɗa na biye, abin da ke shiga tsakaninsu bai wuce "ja nan" da "ka bar ciyawa a bayanka" ba. Kunyar gona ba ta rage kunyar gida da komai.

Abin da na ga yana rage ta, in an dace, ƙaramin abu ne da manya ba su ɗauke shi a bakin komai ba: kiwon tattabaru.

Yawanci yaro ke farawa. Ya tara kuɗin ƙwadago ko na barka da salla ya sayo aure guda, mace da namiji, ya sami tsohuwar tukunya ko garwa ya rataye a jikin rumbu, ya fige musu gashin fiffike ko ya tsare su na 'yan kwanaki har su saba da gidan. Daga nan sai lissafi ya fara. Tattabara ƙwai biyu take yi, kwanci kwana 17 zuwa 18, kuma ba macen kaɗai ke yi ba: namijin na karɓarta da rana, ita ta kwana a kai. In sun ƙyanƙyashe su biyun ne ke ɗura wa 'ya'yan wani farin ruwa mai kauri daga maƙoshinsu, kafin su fara ba su tsaba. Cikin wata guda 'yan shila sun yi gashi. Yaron da ya kwana biyu yana kallon wannan ya san wace ce ke fasa ƙwai, wane namiji ne mafaɗaci, wace ce in ta tashi sai ta janyo baƙuwa ta dawo da ita.

Uban fa? Shi ma ya yi wannan kiwo yana yaro, kuma hannu ba ya mantuwa. Wata rana da la'asar zai tsaya kamar mai wucewa, ya ce tukunyar nan ta yi ƙasa, muzuru zai kai gare ta. Gobe ya ce a jefa 'yar kanwa a ruwan shansu. Jibi a gan shi da kansa yana liƙe ramin da gafiya ke bi. Dukkansu idonsu na kan tsuntsu, ba wanda ya kalli wani, saboda haka ba dokar kunya ko ɗaya da aka karya, amma ga shi sun yi rabin awa suna hira. Har abin da ba ya faruwa a gandu yakan faru: uba ya yi tambaya don bai sani ba. "Wannan mai wuyan, ta wa ce?" Yaron ya ce, "Ai 'yar farar nan ce, Baba, ta ƙyanƙyasar damina." A nan ɗan ne malami, uban kuma bai ji girmansa ya zube ba, don ai maganar tattabara ce kawai.

Amurkawa na da irin wannan, da wani akwatin wasa mai gilashi da ake kira finbol, wanda ake harba ƙwallon ƙarfe a ciki ana tare shi da 'yan fikafikai biyu. Kamfanonin Chicago irin su Gottlieb da Bally da Williams ne suka yi ta ƙera shi, Williams ya daina a 1999, sai tsofaffin injinan suka koma hannun masu sha'awa, suna saye suna gyarawa a gida, wani lokaci uba da 'ya'yansa, ɗaya riƙe da tocila ɗaya na bin waya. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne zargin da ya bi abubuwan biyu iri ɗaya ne. A 1942 magajin garin New York, Fiorello La Guardia, ya haramta finbol a kan cewa caca ce mai cinye kuɗin yara, ba a ɗage haramcin ba sai 1976. Mu ma a nan mai tattabara bai tsira ba. Akwai hadisi a Abu Dawud da ke aibata mutumin da aka gani yana bin tattabara, malamai kuma suka rarrabe: kiwo don nama ko ƙwai ko ɗebe kewa ba laifi, abin ƙi shi ne shagala da tashinsu har salla ta wuce, ko caca a kansu, ko hawa katanga ana leƙen gidan mutane. Zargin ba a banza yake ba. Kowa ya san yaron da tattabara ta raba shi da allo, da wanda ya ƙware wajen janye na maƙwabta ya rufe. Amma in ka duba, irin waɗannan yaran su ne waɗanda aka bari su kaɗai da akurkinsu, ba babba ko ɗaya da ke leƙawa.

Shekarun nan sun ƙara wa abin nauyi a wannan yanki. Farautar rani, wadda a da take fitar da uba da ɗa daji tare, ta zama kasada. A daren 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Kankara. A ƙarshen Agusta 2021 gwamnatin Katsina ta Aminu Bello Masari ta rufe hanyar Kankara zuwa Sheme ga motocin haya, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama, har da Faskari da Sabuwa da Kankara. Gonar nesa ta zama abin tunani kafin a je. Uban da ke son ya san inda ɗansa yake da magariba ba shi da abubuwa da yawa da za su riƙe saurayi a cikin gida ba tare da tsawa ba. Wayar hannu na riƙe shi, amma shi kaɗai take riƙewa, ba ta barin wurin zaman mutum na biyu.

Kada dai a ɗauka kowane akurki haka yake ƙarewa. Inda abin ke lalacewa shi ne wurin mallaka. Tattabaru gayaunar yaro ce, shi ya sa yake ba su zuciyarsa, uba kuwa ya saba ganin duk abin da ke cikin katangarsa nasa ne. Na san gidan da baƙo ya sauka da daddare, maigida ya sa aka kamo 'yan shila biyu aka yi farfesu, yaron na makarantar dare. Su ne 'ya'yan farko na wata tattabara da ya yi wata uku yana tara kuɗinta. Da ya dawo ya ga gashin a bakin murhu bai ce uffan ba, don ba a yi wa uba ƙorafi. Ranar kasuwa ya kwashe sauran cikin kwando ya sayar, ya sauke tukwanen ya jingine bayan rumbu. Uban ya kwana biyu kafin ya lura tsakar gidan ta yi shiru, da ya tashi tambaya kuma, uwar yaron ya tambaya.