Sawun da Ke Zama Aƙida: Nazarin Samskara a Littafin Patanjali

Littafin Yoga Sutra na Patanjali, wanda Abu Raihan al-Biruni ya mayar Larabci a ƙarni na 11 na Miladiyya, ya ginu a kan da'awar cewa duk abin da mutum ya gani, ya ji, ko ya aikata yana barin sawu a zuciyarsa. Wannan sawu shi ake kira samskara. Yakan kwanta kamar iri a ƙasa, har wani dalili ya tayar da shi ya zama tunani, tunanin kuma ya bar sabon sawu. Mai sharhin littafin, Biyasa, ya kamanta wannan da ƙafar keke mai juyawa ba tsayawa.

Ƙarfin wannan ra'ayi shi ne ya bayyana dalilin da ya sa hujja kaɗai ba ta cika tumɓuke aƙida ba. Abin da maimaici ya dasa, sai maimaici ke cire shi. Shi ya sa babi na 1 ya sharɗanta horon kai na dogon lokaci, ba yankewa.

Rauninsa kuwa yana bayyana inda aka nemi ya tabbatar da rayuwar da ta gabata. Biyasa ya kafa hujja da tsutsar da ta fito duniya yanzu: tana gudun mutuwa alhali ba ta taɓa ganinta ba, ba kuma wanda ya ba ta labari, saboda haka, in ji shi, ta ɗanɗana mutuwa a wata rayuwa. Hujjar ta dogara ne a kan cewa kowane tsoro gado ne daga abin da aka taɓa fuskanta, alhali wannan shi ne abin da ake jayayya a kai. Mai ganin tsoron halitta ne da aka haifi tsutsar da shi bai samu amsa ba.

Babi na 4 ya ƙara tsananta matsalar, domin ya ce waɗannan sawaye ba su da farko. Idan haka ne, babu mutuwar fari da ta koyar da tsoron fari. Kullum tsoron yana nan tun kafin darasinsa.

Saboda haka ya kamata mai nazarin addinai ya bambance abu biyu. Bayanin yadda aƙida ke kafuwa a zuciya ya samu gindin zama a littafin. Amma amfani da wannan bayani wajen tabbatar da gaskiyar wata aƙida, ciki har da aƙidar sake haihuwa, yana buƙatar hujjar da misalin tsutsa bai kawo ba.