Raɓa, Nonon Akuya da Ƙamus: Yusha'u 6 a Tamanrasset

Wata uku na yi a Tamanrasset wurin yayana, wanda ya shekara da shekaru yana ɗinki a can, amma sai da na kusa komawa Maradi sannan na tsaya na dubi wani gini na jar ƙasa mai kama da ganuwa da muke wucewa kusan kullum. Na ce, "Yaya, wannan fa gidan wane ne?" Ya ce, "Wani Nasara ne malamin addini, a nan aka kashe shi tun zamanin kakanni." Iyakar abin da ya sani ke nan, kuma iyakar abin da yawancin Hausawan garin suka sani ke nan, don neman abinci ya kawo su. Nasaran nan shi ne Charles de Foucauld, wanda Fafaroma Francis ya sa a jerin waliyyan cocin Katolika ranar 15 ga Mayu, 2022.

Ni Kirista ne, amma ba ɗan Katolika ba. A ikkilisiyar da na tashi ba ma naɗa waliyyai, saboda haka ba ni da riba ko asara a waliccinsa. Abin da ya ja ni shi ne littattafan da ya bari, da kuma yadda na ga ana ba da labarinsa kashi biyu. Masoyansa suna nuna mana wani mai zuhudu a kan dutse yana addu'a har aka kashe shi. Masu sukarsa kuma, musamman a Aljeriya, suna nuna mana ɗan leƙen asirin Faransa sanye da rigar ibada. Ni dai a ganina duka ɓangarorin sun tsallake shafukan da suka fi muhimmanci. Ma'aunin da zan gwada shi da shi kuwa daga littafinsa na ɗauko, wato sura ta 6 ta Annabi Yusha'u.

Yusha'u ya yi annabci a masarautar Isra'ila ta arewa a ƙarni na 8 kafin haihuwar Almasihu, gab da faɗuwar Samariya a shekara ta 722. Surar gajera ce, aya goma sha ɗaya. Wanda ya karanta ta da kunnen mai sauraron waƙa zai ji muryoyi biyu suna amsa wa juna. Ayoyi ukun farko na jama'a ne, suna kiran juna su koma ga Ubangiji, suna da tabbacin zai zo musu kamar ruwan sama. Kalamai ne masu daɗi ƙwarai, har na sha jin masu wa'azi sun tsaya a nan sun rufe littafin. To amma a aya ta huɗu Allah ya amsa, kuma da harshen ruwan ya amsa. Ya kwatanta ƙaunarsu da gajimaren safiya da raɓa mai saurin bushewa. Duk manomin Gobir ko Katsina ya san bambancin. Ruwan sama shi ke ratsa ƙasa har a yi shuka. Raɓa kuwa ƙafar wando take jiƙa maka, kafin hantsi ka neme ta ka rasa. Suna neman damina a wurinsa, su kuwa raɓa suke ba shi. Sai a aya ta shida ya faɗi abin da yake so, cewa jinƙai ya fi masa hadaya, saninsa kuma ya fi masa dabbar da aka ƙona a bagade.

Akwai abin da fassara ke ɓoyewa a nan. A Ibrananci kalma ɗaya ce, hesed, aka yi amfani da ita a aya ta huɗu da ta shida. Abin da ya bushe kamar raɓa shi ne dai abin da Allah ya ce yana so. Ke nan jama'ar suna da shi, tsayawa ne ba ya yi. Shi ya sa nake ganin kalmar jinƙai ita kaɗai ta yi wa ma'anar kaɗan. Jinƙai yana iya zama na minti ɗaya, ka ga almajiri ka miƙa masa dala ka wuce. Hesed ya fi kusa da riƙon amana tsakanin waɗanda alkawari ya ɗaure, irin na miji da mata, kuma kada a manta littafin Yusha'u da labarin aurensa da Gomer ya buɗe. Haka ma sanin da ake magana a kai. Ba haddar sunaye ba ne, sani ne na zama tare, wanda Bahaushe zai kira sabo. (A kula da lanƙwasa, domin tsakanin sabo da saɓo ƙugiya ɗaya ce.) Yesu ya jawo wannan aya sau biyu a Matiyu: a sura ta 9, da aka zarge shi da cin abinci da masu karɓar haraji, da kuma sura ta 12, da aka zargi almajiransa da zagar hatsi ranar Asabar. Duka wuraren biyu akwai abinci a ciki, kuma duka masu kiyaye ƙa'idar ibada ne ke tuhuma.

Yanzu mu koma ga Foucauld. An haife shi a Strasbourg a 1858, ya yi aikin soja, ya ɓarnatar da dukiyar gado a shaye-shaye da sharholiya, ya zaga Maroko a ɓoye tsakanin 1883 da 1884 cikin shigar Bayahude. Ganin yadda Musulmi ke sallah yana cikin abubuwan da suka tayar masa da tunanin Allah. Ya tuba a Paris a 1886, ya shiga zuhudu, aka naɗa shi fada a 1901. A Beni Abbes ya fanshi wasu bayi da kuɗi, ya kuma rubuta wa shugabanninsa yana kukan yadda hukumar Faransa ta kau da kai daga bauta. A watan Agusta na 1905 ya sauka Tamanrasset, lokacin gidajen garin ba su wuce ashirin ba, da yardar Musa ag Amastan, sarkin Buzayen Ahaggar.

Shekarar da nake so mai karatu ya tsaya a kanta ita ce 1907. Mutumin nan ya gina rayuwarsa ne a kan ibadar Jibin Ubangiji, wadda 'yan Katolika ke kira Mas. Don ya kai ta inda ba a taɓa yin ta ba ya shigo Sahara. Amma dokar cocinsa a lokacin ba ta yarda fada ya yi ta shi kaɗai ba, sai da mai taya shi, shi kuwa ba shi da kowa. Zaɓi ya rage masa: ya koma arewa inda akwai Kiristoci ya riƙe ibadarsa, ko ya zauna cikin Buzaye ya rasa ta. Ya zauna. Kirsimetin 1907 ya wuce masa ba tare da Mas ba. A wannan lokacin kuma fari ya kama ƙasar fiye da shekara guda, awaki suka ƙafe, ya rarraba abincin da ya tanada har ya ƙare. A Janairun 1908 ya kwanta ciwo, har ya fid da rai. Buzayen da ya zo ceto su ne suka bi rugage suna neman awakin da ke da ɗan sauran nono, suka kawo masa, ya sha ya tashi. Izinin yin Mas shi kaɗai ya iso daga Roma a ƙarshen wannan watan.

Masu rubuta tarihin waliyyai suna son wannan labari, amma suna karanta shi a matsayin ladan alherinsa, wai alheri danƙo ne. Ni ba haka na karanta shi ba. Idan aka ɗora aya ta shida a kan wannan wata, waɗanda suka cika ta su ne masu nonon. Musulmi ne, suna cikin yunwa, shekara shida kacal da sojan Faransa suka karkashe musu maza a yaƙin Tit na 1902, ga kuma Bafaranshe kwance a hannunsu. Da sun yi shiru kawai da ya mutu, ba wanda zai tuhume su. Wannan wuri yana da nauyi a bakin mai wa'azi irin namu, domin mun saba mu ne masu bayarwa a cikin labari.

Sai ƙamus. Shi ne babban dalilin wannan rubutu. Ƙamus ɗin Tamashek da Faransanci na karin harshen Ahaggar ya fito cikakke a juzu'i huɗu tsakanin 1951 da 1952, shafi sama da dubu biyu, kuma rubutun hannunsa aka ɗauki hoto aka buga. Na duba shafukansa a intanet dare da yawa. Kowace kalma ya rubuta ta da baƙaƙen Tifinag da na boko, ya bi saiwarta da rassanta, ya kawo misalai daga bakin mutane, wani wuri har da zanen kayan da ake magana a kai. Ba littafin da za a karanta daga farko zuwa ƙarshe ba ne, kuma wanda bai iya Faransanci ba ba shi da rabo a ciki, abin da ya haɗa da yawancin Buzayen da aka tatsi kalmomin a bakinsu. Wannan aibi ne na gaske. Amma duk wanda ya taɓa gwada bayyana wa baƙo bambancin "ƙyale" da "bari" ya san irin zaman da ake yi kafin a cika shafi ɗaya irin wannan. Sai ka zauna da tsohuwa, ka tambaya, ta yi maka dariya, ka sake tambaya gobe. Haka ya yi shekara goma sha ɗaya. Ya tattara waƙoƙinsu kimanin baiti dubu shida, har da na Dasin, shahararriyar mawaƙiyar Ahaggar, na soyayya da yaƙi da zambo, waɗanda ba su da wani amfani ga mai neman tubar da mutane. An buga su juzu'i biyu a 1925 da 1930. Aikinsa na farko kan harshen ma da sunan abokinsa Motylinski ya sa aka fitar, don ba ya son nasa ya bayyana. A duk zamansa bai mayar da Buzu ko ɗaya Kirista ba.

Mutane suna hawa dutsen Assekrem, tafiyar kusan kilomita 80 daga gari, don su ga ɗakin kaɗaicin da ya gina a 1911 da fitowar rana a kan duwatsu. Na ji an ce wurin yana sa mutum kuka, kuma ban musa ba. Sai dai 'yan watanni kawai ya zauna a can. Wannan shauƙi na asuba a kan dutse shi ne ainihin abin da aya ta huɗu ke gargaɗi a kai, kuma na san shi a jikina, domin sau nawa na fito daga taron farkawa da hawaye, kafin Laraba na koma yadda nake. In ana neman abin da bai bushe ba a rayuwar mutumin nan, a ƙamus yake.

To amma a nan ne kuma maganar ta yi ƙaiƙayi, kuma ba zan rufe ta ba. Foucauld abokin Laperrine ne, hafsan da ya shimfiɗa mulkin Faransa a Sahara. Ya yarda da mulkin mallaka, yana ganinsa hanyar wayar da kai, yana fatan wata rana mutanen su zama Faransawa kuma Kiristoci. Lokacin yaƙin duniya na farko yana rubuta wa hafsoshi labarin motsin 'yan Sanusiyya. Ginin da na tambayi yayana a kai shi ya gina, a matsayin mafakar mutanen gari in an kawo hari, kuma akwai bindigogin Faransa a ajiye ciki. Kunnen da ya saurari waƙar Dasin shi ne ya saurari labarin ayari ya kai wa soja. Masu kare shi sukan ce ɗan zamaninsa ne. Gaskiya ne, amma a kan bauta ai ya iya saɓa wa zamaninsa, don haka uzurin bai rufe duka ba. Ali Merad, malami Musulmi ɗan Aljeriya, ya rubuta littafi a kansa a 1975 yana dubansa da idon Musulunci, ya kuma girmama shi. Jean-Marie Muller, Kirista Bafaranshe, ya fitar da nasa a 2002, inda tun a take yake tambaya ko ɗan'uwan kowa ne ko kuwa soja mai rigar zuhudu. Abin lura ne cewa wanda ya fi tsananta masa ɗan gida ne.

Hukuncina shi ne, ya cika rabin ayar da kyau, ya fifita zama da mutane a kan ibadar da ta fi masa komai daɗi. Ɗaya rabin ne ya gagare shi. Ya san kalmomin Buzaye fiye da duk wani Bature na zamaninsa, amma bai kai ga ganin cewa mutanen da suka shayar da shi ba sa buƙatar wani ya mallake su kafin su zama mutane ba. Ita kuwa surar ba ta tsaya a aya ta shida ba, ayoyin da ke biye suna maganar garin da jini ya ɓata da firistocin da suka haɗa kai da masu tare hanya. Ban ce shi ne wannan ba. Na ce dai annabin bai ɗauki rigar firist a matsayin shaida ba, mu ma bai kamata mu ɗauka ba.

Ranar 1 ga Disamba, 1916, wasu mahara masu alaƙa da Sanusiyya suka zo da yamma. Wani da ya sani ne ya kira shi a bakin ƙofa da sunan ya kawo wasiƙu, ya buɗe, suka ɗaure shi. Yaron da aka bar wa gadinsa ya firgita da ganin wasu sojoji biyu a kan raƙuma, ya harbe shi. Cikin wannan watan ne Kawsan ya yi wa Faransawa ƙawanya a Agadas, yaƙin da tsofaffinmu a Nijar ba su manta ba. Kwana uku kafin mutuwarsa, ranar 28 ga Nuwamba, ya rubuta a littafin ajiyarsa cewa ya gama aikin waƙoƙin.

Da na ba yayana wannan labari duka a shago, yana kan keke bai ɗago ba, sai da na zo wurin nonon. Nan ya tsayar da ƙafa ya ce, "Su Buzayen, an rubuta sunayensu?" Na ce masa na mawaƙan yana nan cikin littafi, kowace waƙa da mai ita. Ya ce shi ba mawaƙan yake tambaya ba.