Masu Farautar Hasken Arewa

Daren 10 ga Mayu 2024 sama ta yi ja a wuraren da ba a saba ba. Mutanen Florida a Amurka, da na Meziko, da na tsibiran Kanariya da ke yamma da Maroko, duk sun ga hasken nan da aka sani da ƙasashen ƙanƙara irin su Norway da Ayislan. Jama'a na ta salati, amma akwai wasu da tun la'asar suka ɗaura kyamara a kafaɗa suka fita bayan gari. Su sun san yana tafe.

Ilimin nasu daga rana yake farawa. Baƙaƙen tabo sukan fito a fuskarta, suna yawaita suna raguwa kusan duk shekara 11. Idan wajen tabon ya yi bindiga, rana takan watso gajimaren iska mai ɗauke da cajin lantarki. Hasken fashewar minti 8 yake yi ya iso mu, amma shi gajimaren sai ya yi kwana ɗaya zuwa uku a hanyar kilomita miliyan 150. Wannan tazarar ita ce jarinsu. Cibiyar NOAA da ke Boulder a Amurka, mai sa ido a kan irin wannan fashewa, ta yi gargaɗi tun 9 ga wata, guguwar kuwa ta zo da ƙarfin da rabon da a ga irinsa tun 2003.

Inda ake gane gwani shi ne a sa'ar ƙarshe, domin isowar gajimare ba ita ce fitowar haske ba. Akwai taurarin ɗan'adam da aka girke kilomita miliyan 1.5 daga duniya ta wajen rana, suna auna iskar kafin ta ƙaraso. In maganaɗisun da ta ɗauko ya fuskanci kudu, sai ya sarƙe da na duniya, cajin ya kwararo. In arewa ya fuskanta, an yi zaman banza. Gwani yana tsugune cikin sanyi, ido a kan waya, da ya ga layin awon maganaɗisun ya nutsa ƙasa, wato ya juya kudu, ya san abin da ya rage bai fi awa guda ba. Mai duban jinjirin wata a Unguwar Ya ko Gwaram zai fahimci wannan: shi ma ba sama duka yake lalube ba, ya san inda rana ta faɗi da 'yan mintocin da yake da su.

Launin ma karanta shi suke yi. Iskar oksijin tana ba da kore a wajen kilomita 100 zuwa 150 sama, ja kuma daga 200 zuwa gaba. Shi ya sa na kudu ja suke gani: gindin hasken ya ɓuya bayan doron ƙasa, kansa kaɗai ya leƙo. Haka aka gan shi har Kuba a Satumban 1859.

Wasu kuma daga jirgin sama suke farautarsa, domin a can an wuce gajimaren ruwa, an bar fitilun gari a ƙasa. Abin da ya rage shi ne kujera. Mai tasowa daga Amurka zuwa Turai da dare tagar hagu yake nema, don can ne arewa. Sai ya lulluɓe kansa da tagar da bargo saboda fitilun ciki, ya manna waya jikin gilashi, domin kyamara tana kama launin da ido ke gani fari-fari. A Fabrairun 2023 wani matuƙin easyJet daga Reykjavik zuwa Manchester ya juya jirgi zagaye guda don na ɗaya gefen su ma su gani. Wannan matuƙi ya san darajar fasinja.

Mu dai a Birnin Kudu kada mu sa rai, don layin tsakiyar maganaɗisun duniya ta Najeriya ya ratsa, nesa ƙwarai da inda hasken yake sauka. Amma duk wanda karatu ko kasuwanci ya kai shi ƙasashen arewa da hunturu, ya nemi kujerar taga, kuma kada ya yi barci.