Imfiraji ta kunne ce

Mun saba karanta Imfiraji a waya, shiru, muna jan allo da yatsa. Amma Malam Aliyu Namangi na Zariya, wanda ya rasu a 1990, makaho ne. Da ka ya tsara baitocinsa, da kunne ya auna su, wasu suka rubuta. Shi ya sa ɗangon da ke yi mana nauyi a ido yake zaunawa daram idan makaho ya rera shi a bakin kasuwa, don karin ne ke gaya masa inda zai ja numfashi. Littafi ya adana kalmomin. Rerawar kuwa tana bakin tsofaffin da ke ƙarewa, ga waya a hannunmu, ba mu cika tsayawa mu naɗi muryarsu ba.