Ta wace ƙofa za a shigo da baƙo? Nazari kan zaɓen wasan farko a silsilar Zelda

Masu iya magana sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. Duk wanda ya taɓa riƙe hannun wani don ya shigar da shi fagen da ya daɗe yana ƙauna, na adabi ne ko na waƙa ko na wasa, ya san nauyin wannan magana. A wurin baƙo, ƙofar da aka bi da shi ita ce gidan baki ɗaya. In ya yi tuntuɓe a zaure, da wuya ya yarda cewa akwai inuwa a tsakar gida. Wannan nazari ya dubi wata tambaya da masu wasan bidiyo suka saba yi wa juna: mutum ya shekara da shekaru yana bin wata silsila ta wasanni, yau kuma yana so abokin zamansa, miji ko mata, ya ɗanɗani abin da ya riƙe shi. Da wane wasa za a fara? An ɗauki silsilar The Legend of Zelda ta kamfanin Nintendo na ƙasar Japan domin misali, saboda ta tsufa, ta yi rassa, kuma masoyanta ba su taɓa tsayawa kan amsa guda ba.

Tambayar ta fi yadda ake ganinta nauyi. Wasan yana da tsada, lokacin hutun ma'aurata bayan aiki kaɗan ne, sannan wanda ya miƙa manet, wato abin da ake riƙewa a sarrafa wasan, wani yanki na ƙuruciyarsa yake miƙawa. Idan abokin zama ya aje shi bayan rabin awa ya ce wannan ba irin nasa ba ne, ba kasafai ake samun dama ta biyu ba.

Silsila mai halin tatsuniya

Wasan Zelda na farko ya fito a Japan ran 21 ga Fabrairu 1986, daga hannun Shigeru Miyamoto da Takashi Tezuka. Miyamoto ya sha bayyana cewa tushen wasan shi ne yawon da ya yi yana yaro cikin dazuzzuka da koguna na karkarar Kyoto. Daga nan zuwa 2024 an fitar da manyan wasanni kimanin ashirin, kuma a mafi yawansu ana samun taurari uku: Link, saurayi mai takobi wanda ba ya magana, gimbiya Zelda, da Ganon, mugun da ke neman mallake ƙasar Hyrule.

Abin da ya kamata a fara fahimta shi ne cewa waɗannan wasanni ba babi-babi ne na littafi guda ba. Sun fi kama da tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi: taurarin suna dawowa da sunayensu da halayensu, amma kowane labari yana tsaye da ƙafafunsa, kuma ba a taɓa jin yaron da ya ƙi sauraron tatsuniyar yau don bai ji ta jiya ba. Gaskiya ne a 2011 Nintendo ya buga littafin Hyrule Historia, inda ya jera wasannin bisa tarihin cikin labari, ya sa Skyward Sword a farko, ya kuma raba tarihin gida uku bayan Ocarina of Time. Wannan jeri abin muhawara ne ga waɗanda suka riga suka shiga. Baƙo ba ya bukatarsa. Malaman Faransanci sun san irin wannan hali game da Balzac: babu mai sa ɗan lise ya bi La Comédie humaine bisa jeri, akan buɗe masa Le Père Goriot ko Eugénie Grandet, in ya ji daɗi ya nemi sauran da kansa.

Kurakurai uku na masoyi

Kuskure na farko shi ne farawa da mafi tsufa, bisa tunanin cewa asali ya fi cancanta. Wasan 1986 yana jefa mai wasa tsakiyar fili ba tare da jagora ba. Wasu ƙofofinsa suna ɓoye ƙarƙashin itacen da sai an ƙona shi, ko bayan bangon da sai an fasa shi, kuma babu wata alama da ke nuna wurin. An gina shi don yaran da ke da dogon hutu da abokan da za su yi musayar asirai da su a filin makaranta. Babban mutum da ya dawo daga aiki a gajiye ba shi da ko ɗaya daga cikin biyun.

Kuskure na biyu shi ne farawa da mafi shahara. Ocarina of Time, wanda ya fito a 1998 kan na'urar Nintendo 64, masu sharhi da yawa suna sa shi a sahun gaba na dukan wasannin bidiyo, kuma ya cancanci hakan: shi ya koya wa masana'antar yadda za a kafa ido kan abokin gaba cikin fili mai zurfi da faɗi da tsawo. Sai dai girmansa na tarihi ne, kuma wanda bai san abin da ya gabace shi ba ba zai ga abin da ya sabunta ba. Abin da zai gani shi ne hotuna masu kusurwa, da kuma, in ya yi nisa, Haikalin Ruwa, inda ake ta ɗaga ruwa ana sauke shi har tsofaffin hannu ma su ɓata. Malamin da ya fara wa ɗalibi da littafin da ya fi kowane daraja ya san yadda darajar kan koma kaya a kan mai koyo.

Kuskure na uku ya fi sauran wuyar ganewa, domin akwai hujja a bayansa. Breath of the Wild, na ran 3 ga Maris 2017, an sayar da shi fiye da miliyan 30, kuma ta kansa mutane da yawa suka san Zelda. Farkonsa, inda aka tsare mai wasa kan wani tudu har sai ya gama ƙananan haikali huɗu, darasi ne na koyarwa da ya kamata masu tsara manhaja su duba. Amma bayan tudun sai a sake shi cikin ƙasa mai faɗin gaske, da haikali 120, da makaman da ke karyewa a tsakiyar faɗa, da sanyi da zafi da ruwan sama masu iya halaka shi ko su hana shi hawa dutse. Ga wanda ya saba, wannan ƴanci ne. Ga baƙo, sau da yawa ɗimuwa ce. Haka nan Tears of the Kingdom na 2023, wanda ya ɗora gine-gine da ƙere-ƙere kan wannan tushe, ya fi dacewa da wanda ya riga ya san ƙasar.

Hannu kafin labari

Akwai shingen da tsohon ɗan wasa ba ya gani, domin ya ƙetare shi tun yana yaro. A wasannin zamani masu fili mai zurfi, babban yatsan hagu yana tafiyar da jarumi, na dama yana juya idon da ake kallo da shi, kuma dole su yi aiki tare. Wanda bai saba ba zai ga jaruminsa yana kallon sama ko yana tura bango alhali dodo yana dukansa ta baya. Wannan ba rashin basira ba ne. Irinsa ne ke samun wanda ya fara riƙe alƙalami, hankalinsa duka yana kan yatsu, ma'anar jimla ta tsere masa. Saboda haka ma'auni na farko wajen zaɓe shi ne abin da wasan ke nema daga hannu. Na biyu, ko wasan yana koyar da nahawun silsilar, wato ƙa'idar da sauran suka ginu a kanta. Na uku, ko yana da ƙarshen da za a iya kaiwa kafin sha'awa ta huce.

Tsibirin Koholint

Wasan da ya fi cika waɗannan sharuɗɗa uku shi ne Link's Awakening, a sabon zubinsa da kamfanin Grezzo ya yi wa na'urar Switch, wanda ya fito ran 20 ga Satumba 2019. Asalinsa na 1993 ne, kan ƴar na'urar Game Boy, kuma Tezuka ne ya jagorance shi.

Ana kallon wasan daga sama, idon kallo yana bin jarumi da kansa, don haka yatsa guda ya isa tafiya. A zubin 1993 madannai biyu kacal ake rabawa tsakanin dukan kayan aiki, abin da ke sa a yi ta buɗe jaka ana sauyawa. A na 2019 takobi da garkuwa kowanne ya sami nasa madanni. Zance duka a rubuce yake cikin gajerun jimloli, akwai shi da Faransanci, kuma yana jiran mai karatu har ya gama. Wanda ya rasa inda zai nufa yana iya shiga ɗakin tarho ya kira tsoho Ulrira, mai kunyar magana ido da ido, ya ba shi haske.

Ta fuskar nahawu, wasan kamar littafin koyon karatu ne da aka tsara da kyau. Jirgin Link ya tarwatse a teku, wata yarinya mai suna Marin ta tsince shi a gaɓa, aka mayar masa da garkuwarsa, aka ce takobinsa yana bakin ruwa. A hanya wasu halittu masu ƙaya sun tare wuri, kuma abin da ke hannunsa kaɗai shi ne garkuwa. Da ya tura su da ita, ya koyi darasin farko ba tare da an yi masa lacca ba. Koguna takwas ne a tsibirin, kowanne da kayan aikin da ke ɓoye cikinsa. Gashin tsuntsun da ake samu a kogon farko yana ba da ikon tsalle, sai ramukan da aka yi ta kewayewa su zama hanya. Munduwar kogo na biyu tana ɗaga duwatsun da suka toshe wurare. Ka'idar ke nan: a ga abin da ya gagara, a riƙe shi a zuci, a sami kayan aiki, a dawo. Wanda ya iya wannan ya iya karanta kowane Zelda.

Sai labarin, wanda a nan ne wasan ya wuce matsayin share fage. Tezuka ya faɗi cewa shirin talabijin na Amurka mai suna Twin Peaks ya yi masa tasiri: ƙaramin gari cike da mutane masu baƙin hali. Wasan yana kuma riƙe abin da aka aikata. Wanda ya saci kaya a kanti, sunansa ya koma ɓarawo a bakin kowa har ƙarshe. An ce wa Link ba zai bar tsibirin ba sai ya tara kayan kiɗa takwas ya tada Kifin Iska daga barci. Can wajen kogo na shida sai gaskiya ta bayyana: tsibirin duka mafarkin kifin ne, kuma farkawarsa ita ce gushewar kowa, har da Marin, wadda ta taɓa zama da Link a bakin teku tana fatan ta zama tsuntsuwa ta ga abin da ke bayan ruwa. Daga nan dodanni ne ke roƙon a bar duniyar yadda take, jarumi kuwa shi ne mai rushe ta. Tatsuniya ma takan rufe da ƙurunƙus, ta shaida wa yara cewa abin da suka ji ƙage ne, amma ba ta mayar musu da tausayin da suka riga suka ji. Mutum biyu da suka kai wannan wuri tare sun sami abin tattaunawa da ya fi ƙarfin madannai.

Inda zaɓen ya gaza

Adalci ya wajabta a faɗi aibi. Babu gimbiya Zelda a wasan, babu ƙasar Hyrule, don haka baƙo zai gama shi bai sadu da rabin sunayen da ya saba ji ba. Kogo na bakwai, Hasumiyar Gaggafa, yana da ruɗarwa fiye da kima. Hoton yakan ɗan yi tsaiko idan ana ƙetare wani yanki zuwa wani, kuma sashen gina kogo da aka ƙara a 2019 bai ƙara wa wasan komai ba. Sannan akwai mutumin da tsari ke gundura, wanda abin da yake so shi ne ya hau doki ya nufi dutsen da ya hango. Irin wannan Breath of the Wild ne nasa, in an ba shi lokacin saba hannu. Sanin halin abokin zama yana gaba da kowane sharhi.

Akwai kuma jarabar miƙa wa mace Echoes of Wisdom na 2024 don kawai Zelda ce jarumarsa. Wasa ne mai kyau, mai sauƙin riƙo, amma ya ginu kan kwaikwayon abubuwa da halittu maimakon takobi, wato ya karkace daga ƙa'idar da baƙo bai riga ya sani ba. Ya fi daɗi a matsayin na biyu. Zaɓen da aka yi bisa jinsi kawai zato ne, ba sani ba.

Ladabin jagora

Ko an dace da wasa, jagora yana iya ɓata komai. Link's Awakening na mutum ɗaya ne, saboda haka aikin gwani shi ne ya zauna gefe ya riƙe hannunsa da bakinsa. Kada ya karɓe manet don ya nuna yadda ake yi, kada ya faɗi amsar da ba a tambaye shi ba, kada kuma ya tona asirin tsibirin. Daɗin Zelda yana cikin lokacin da mutum ya gano abu da kansa, kuma wanda aka riga aka gaya masa an ƙwace masa wannan lokaci. Malamai sun san shirun da ke biyo bayan tambaya a aji, sun kuma san cewa wanda ya yi gaggawar cike shi ya amsa wa kansa ne.

A ƙarshe, wasan farko ba shi ne zai nuna girman silsilar duka ba, kuma ba a nemi hakan daga gare shi ba. Abin da ake nema shi ne ranar da baƙon jiya zai ɗauki manet ba tare da an miƙa masa ba, ya tambayi wanne ne na gaba. Sannu ba ta hana zuwa.